Wa Ya Ga Faɗuwar Ruel?

Shafi na 19

Masu zagina saboda na bar Ruel kwance cikin taɓo tun ranar Laraba, na ji, na kuma haɗiye. Ku gyara zama. Wanda ya san zuciyarsa ba ta jure ganin jini, ya tsallake wannan shafin.

*

Motar asibiti ba ta gama fita daga filin sukuwar ba lasifika ta fara magana.

Perla na durƙushe cikin taɓo, kan Habagat a cinyarta. Goɗiyar da ta raina tun tana shan nono, ta horar da ita da hannunta, ga ta nan ƙafar gaba ta karye gida biyu, ƙashi ya huda fata ya fito. Likitan dabbobi ya riga ya zuƙo allura. Ma'aikata sun ɗaga koren tamfol don kada 'yan kallo su ga abin da za a yi.

Mijinta Ruel ne a cikin motar asibitin. Shi ya hau Habagat. Yana kan gaba, a kwanar ƙarshe, Jomar mai jar riga ya karkato da dokinsa mai lamba bakwai ya matse shi jikin ƙarfen shinge. Goɗiyar ta kife, dawakan baya suka bi ta kan Ruel. Ma'aikatan motar ba su yarda kowa ya shiga ba. Kuya Kardo, yayan Ruel, shi ya bi su a babur zuwa asibitin da ke tsallaken titi.

"Sanarwa daga ɗakin alƙalai," in ji lasifika. "An duba hoton tseren. Alƙalai ba su sami mahayin doki mai lamba bakwai da laifi ba. Sakamako yana nan yadda yake. An dakatar da mahayi Ruel Dimaano na wata shida saboda ganganci."

Filin ya yi tsit.

Sai kuma ya fashe.

"Ɓarayi!"

"Uban wa kuke so ku raina wa hankali?"

"Villapando ɓarawo! Villapando ɓarawo!"

Kwalaben giya suka fara sauka kan filin. Wani ya jefo kujera. Mai sayar da kunun shinkafa ta kinkimi tukunyarta ta ruga, rabinsa na zuba a ƙafarta. Can wajen tagogin 'yan caca, an riga an tara tikiti an cinna musu wuta.

Likitan ya sunkuyo. "Madam Perla, in yi?"

Ba ta dube shi ba. Ta shafa goshin goɗiyar sau ɗaya.

"Yi."

Sai da numfashin Habagat ya tsaya ta zare cinyarta. Bulalar Ruel na yashe cikin taɓo. Ta ɗauka, ta goge ta a wandonta.

Villapando ɗin da suke zagi mahaifinta ne. Don Anselmo Villapando, shugaban alƙalan filin, mutumin da ya taɓa korar ɗan babban amininsa daga sukuwa har abada saboda ya ja linzami da gangan don kada dokinsa ya ci tsere. Amma tun bara hukuncinsa ya fara karkacewa. Mai laifi ya tsira, wanda aka zalunta ya sha tara. Mutane suka fara cewa tsohon ya fara karɓa. Perla ta yi faɗa da su a barga, ta yi a kasuwa, har a ƙofar coci ta taɓa marin wata mata a kan maganar.

Yau ba ta da bakin kare shi.

Ɗakin awo ta fara nufa, inda mahaya ke hawa sikeli bayan tsere. Jomar na zaune a benci, sirdi a cinyarsa, bai ko cire jar rigar ba. Sauran mahayan suna ganinta suka dare.

"Ate Perla, tsaya ki ji..."

Bulalar ta sauka daga kunnensa zuwa haɓa. Fatar ta tsage.

"Wayyo! Ate!"

"Kada ka sake kirana Ate. Ba ni da ƙani irinka."

Ta ƙara masa a wuya. Ya faɗo daga bencin, ya dunƙule, ya kare fuska da sirdin. Ta sa ƙafa ta ture sirdin.

"A gidanmu ka ci abinci ranar da aka yi wa ɗanka baftisma. Ruel ne ya riƙe yaron. Ko ka manta?"

"Ban manta ba."

"Shi ya koya maka zaman sirdi, lokacin da ko akuya ba ta yarda ka hau ta ba."

"Na rantse da kabarin uwata, ban so ta faɗi ba! Cewa aka yi in matse shi kawai, in rage masa gudu."

"Aka yi? Wa ya yi?"

Jini na ɗiga daga haɓarsa kan siminti.

Wani tsohon mahayi daga ƙofa ya ce, "Perla, ya isa haka, za ki kashe shi."

"Mang Isko, in ka matso har da kai."

Bai matso ba.

Ta durƙusa ta shaƙo wuyan rigar Jomar. "Kamara ta ko'ina a filin nan. Ba ka ji tsoron alƙalai ba?"

"Ya ce babu wanda zai gani."

"Babu wanda zai gani? Mutanen da ke waje suna ƙona tikiti fa, duwatsu ne?"

"A sama, Ate. Ya ce a sama babu wanda zai gani."

"Wa ya ce?"

Ya rufe ido. "Gorospe."

Ta sake shi. Kansa ya bugi ƙafar bencin.

Gorospe shi ne mataimakin mahaifinta, mai zama a hannun damansa a ɗakin alƙalai. Mutum mai sanyin murya da ƙamshin turare, wanda ko sauro bai taɓa kashewa a gaban mutane ba.

Babu mai gadi ko ɗaya a gindin benen da ɗakin alƙalai yake, duk sun tafi tare jama'a a babbar ƙofa. A tsakiyar matakala ta ci karo da alƙali na uku yana saukowa, ya lulluɓe kansa da kwat.

"Ni ban ce komai ba," ya faɗa tun ba ta tambaye shi ba. "Su biyu suka yanke, ni hannu kawai na ɗaga."

Ta wuce shi.

Ta banka ƙofar da kafaɗa.

Mahaifinta na zaune a kujerarsa, bayansa a miƙe kamar kullum, cikin farar rigar barong mai aiki a ƙirji, da baƙin tabarau ɗin da ya fara sawa bara. Gorospe na tsaye a bayansa, hannu ɗaya a kan kujerar. Talabijin biyu a jikin bango. Ta cikin ƙaton gilashin tagar ana hango hayaƙi.

"Wane ne?" in ji Don Anselmo.

"'Yarka ce, Don Selmo," Gorospe ya amsa a hankali. "Jikinta duk taɓo, da bulala a hannu."

"Perla, nan ba barga ba ce. Mai horar da doki ba ya shigowa ɗakin nan sai an kira shi."

"To ka dakatar da ni, Tatay. Wata nawa? Ni ma shida?"

"Ki iya bakinki."

"Nawa suka ba ka?"

Tsohon ya buga tebur. "Ni kike tambaya haka? Ni?"

"Kai nake tambaya. Duk garin nan kai suke tambaya. Ba ka jin su?"

Wani dutse ya daki gilashin tagar, ya bar tsaga kamar saƙar gizo. Gorospe ya yi murmushi.

"Madam, kina cikin tashin hankali, kowa ya fahimta. Ki je wajen mijinki. Hukunci ya riga ya fita."

"Mayar da hoton."

"Doka ba ta..."

Ya kai hannu zai ɗauke rimot daga tebur. Bulalar ta riga shi sauka, a kan yatsunsa. Ya yi ƙara ya janye hannun, ya cusa shi a hammata.

"Ke mahaukaciya ce?"

"Yau ka sani."

Ta ɗauki rimot ɗin ta mayar da tseren baya a talabijin ɗin hagu. Ga kwanar ƙarshe. Ga Habagat a jikin shinge, Ruel cikin kore da fari ya kwanta a wuyanta. Ga jar riga tana karkatowa. Ta tsayar da hoton daidai inda gwiwar hannun Jomar ta shiga haƙarƙarin mijinta.

"Duba, Tatay. Wa ke jikin shinge?"

"Ruel."

"Wa ke matse shi?"

"Babu wanda ya matse shi. Shi ya kutsa inda babu hanya. Na sha gaya masa zafin kansa zai ja masa."

Ta juyo za ta zazzaga masa masifa, maganar ta maƙale.

Ba talabijin ɗin hagu yake kallo ba. Fuskarsa na fuskantar na dama, wanda ke nuna filin da babu kowa sai tamfol da gawar doki.

Ta dubi Gorospe. Murmushin ya bar fuskarsa.

A hankali ta danna rimot ɗin. Na hagu ya mutu. Ta sake dannawa. Na dama ma ya mutu. Bango ya zama baƙi wuluk.

"To bari in matso da shi," ta ce. "Ga shi nan. Ka ga gwiwar hannun Jomar yanzu?"

"Don Selmo, ta..."

Ta nuna Gorospe da bulalar. Ya haɗiye sauran.

Tsohon ya ɗan sunkuyo, ya gyara tabarau, ya ƙura wa baƙin gilashi ido kamar mai nazari.

"Na gani," ya ce. "Ba ta taɓa shi ba. Akwai tazara."

Bulalar ta suɓuce daga hannun Perla.

"Tatay."

"Na ce akwai tazara."

"Tatay, a kashe yake."

Daga ƙasa ana jiyo ƙarar ƙarfe, jama'a na jijjiga babbar ƙofa.

Ta zagaya teburin, ta durƙusa a gabansa, ta zare tabaran. Bai hana ta ba. Idanun da ta sani, waɗanda suke hango ɗingishin doki tun daga ƙarshen fili, suna buɗe, amma sun wuce ta gefen kunnenta suna kallon babu.

"Tun yaushe?"

Ya kawar da fuska.

"Tun yaushe, Tatay?"

"Kafin Kirsimetin bara. Ciwon sugan ne. Hagu ya fara tafiya, dama ya bi shi. Ina ganin haske, ina ganin inuwa. Shi ke nan."

Abubuwa suka dinga dawo mata. Motar da ya daina tuƙawa ya ce ƙafarsa ce. Ranar haihuwar jikarsa da ya ƙi zuwa. Lahadin da ta kai masa miyar tsamiya da kifi ya ce ta ajiye a ƙofa, barci yake ji. Ita kuwa ta ɗauka girman kai ne, har ta yi fushi ta daina zuwa.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"In gaya miki ki yi me? Ki kama mini sanda?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Mahaifiyarki ta tafi. Ke kina gidanki. Kujerar nan kaɗai ta rage da in na yi magana ake tsit. In sauka in zauna a baranda ina jin sukuwa a rediyo?"

"Sai ka zauna kana yanke wa mutane hukunci a kan abin da ba ka gani ba?"

"Gorospe na gaya mini. Shi ya kama ni ina zuba ruwan kofi a tebur maimakon cikin kofi. Bai tona ni ba. Ya ce zai zame mini ido."

"Ya zame maka ido."

"Da farko gaskiya yake faɗa."

"Daga baya fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yau me ya ce maka?"

"Ya ce Ruel ya kutsa, goɗiyar ta zame. Ya ce ya tashi da ƙafarsa, an kai shi a duba masa kafaɗa ne. Ya ce in ban hukunta shi ba za a ce don surukina ne."

Perla ta rufe baki da hannu. Kukan da ta danne tun cikin taɓo ya ƙwace.

"Bai tashi ba, Tatay. Dawakai sun bi ta kansa. Jini ta hanci, jini ta kunne. Habagat kuma a cinyata aka yi mata allura."

Tsohon ya daskare.

Sai ya miƙe da wani irin ƙarfi, kujerar ta kife. Ya lalubi tebur, hannunsa ya faɗa kan gilashin ruwa, ya wurga shi inda ya ji ƙamshin turaren. Gilashin ya fashe a bango, nesa da Gorospe.

"Ɗan iska! Maciyin amana! A gidana ka ci, ni na kawo ka ɗakin nan!"

"Kai ka kawo ni, ni na riƙe ka," in ji Gorospe. Sanyin muryar ya tafi. "Da ba don ni ba da tuni kana gida ana ba ka abinci a baki. Kowane hukunci sunanka ne a ƙasa, tsoho. Ba nawa ba."

Don Anselmo ya yi kansa, hannuwa a gaba. Gorospe ya kauce kawai, ya dunƙule hannu ya zuba masa a baki. Tsohon ya tafi da baya ya bugi tebur, farar rigar ta ɓaci da jini.

Perla ta daka tsalle ta kama gashin Gorospe, ta kafa masa haƙori a kunne. Ya yi ihu, ya juya da ita ya maka bayanta a jikin talabijin. Gilashin ya tarwatse a kansu. Ya sa gwiwa ya doke ta a ciki. Numfashinta ya ɗauke, ta zube.

Kafin ta iya ɗaga kai ya fice. Ta ji makulli ya juya ta waje.

A ƙasa, babbar ƙofa ta faɗi. Ihun ya cika benen.

Ta ji muryar Gorospe a matakala, ya mayar da ita ta mai kuka.

"Ku dubi abin da suka yi mini! Ku dubi kunnena! Ni na ce a hukunta Jomar, tsohon ya ƙi! Yana sama, ya kulle kansa!"

Perla ta rarrafa wajen mahaifinta. Ta ja shi ta jingina da bango, ta goge masa baki da hannun rigarta.

"Tashi, Tatay. Akwai wata ƙofa?"

"Babu."

"Zan gaya musu. In suka sani ba za su taɓa ka ba."

Ya damƙi hannunta har sai da ta ji zafi.

"Kada ki kuskura."

"Za su kashe ka!"

"Su kashe ni. Ina tabarau ɗina?"

"Tatay, don Allah..."

"Ki ba ni tabarau ɗina, Perla."

Ta miƙa masa. Ya sa, ya dafa bango ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa.

Duka na farko ya girgiza ƙofar. Na biyu ya tsaga katakon. A na uku makullin ya yi tsalle ya faɗo tsakiyar ɗakin.

Kuya Kardo ne a gaba. Maƙerin da ke buga wa dawakan filin takalmin ƙarfe, ƙato, gudumarsa a hannu, gaban rigarsa ya rine da jinin ƙaninsa. Bayansa mutane sun cika matakala, wasu da ƙafafun kujeru, wasu da fasassun kwalabe.

Perla ta shiga tsakani, ta ware hannuwa.

"Kuya, Ruel fa?"

"Matsa."

"Kuya Kardo, yaya Ruel?"

"Sun ce a kira Fada daga coci ya yi masa addu'ar ƙarshe." Idanunsa jajur, ko ƙiftawa ba ya yi. "Ina tsaye a ƙofar ɗakin na ji a rediyon masu gadi. Wata shida. Ƙanina na shure-shuren mutuwa, ubanki na dakatar da shi. Matsa, Perla."

"Ba shi ba ne! Gorospe ne! Ku tare shi kafin ya fita!"

"Gorospe ne ya faɗa a lasifika? Sunan wa ke ƙasan hukuncin?"

"Jefo shi ta taga!" wani ya yi ihu daga baya.

"Ku saurare ni!" Ta juya ta dubi mahaifinta, ta sake juyowa. "Ba ya gani! Makaho ne! Tun bara ba ya ganin komai!"

Sai wani ya fashe da dariya, wasu suka taya shi.

"Makaho! Amma yana ganin ambulan ɗin kuɗi in an miƙo!"

"Na rantse da ran 'yata! Ku cire masa tabarau ku gani!"

Hannu ya sauka a kafaɗarta ya ture ta gefe. Don Anselmo ya tako gaba, jini a haɓarsa, kansa a sama.

"Ƙarya take yi," ya ce, da muryar da yake yanke hukunci da ita. "Tausayin uba ne ya sa ta. Ina gani sarai. Na ga tseren, ni na yanke, kuma babu wanda ya sa ni."

"Tatay!"

"Kin ji ko?" Kardo ya ce, hawaye na bin kuncinsa. "Da bakinsa."

Ya ɗaga gudumar da hannu biyu.

Tsohon bai kauce ba. Bai kare kansa ba. Yana tsaye yana fuskantar gefen ƙofa, inda babu kowa.

Perla ba ta san lokacin da ta yi tsalle ba.

Wani farin haske ya fashe a kanta. Siminti ya taso ya same ta. Ta ji ɗumi na gangarowa cikin kunnenta, ta ji gudumar ta faɗi kusa da fuskarta, ta ji ihun mutanen ya yanke gaba ɗaya kamar an kashe rediyo.

Cikin wannan shirun, daga can sama, muryar mahaifinta ta fito, ƙarama, tana karkarwa.

"Wa ya faɗi?"

Babu wanda ya amsa.

"Kardo? Perla? Don Allah wani ya gaya mini... wa ya faɗi?"